Hoton da Na Sa

Zuwa ga Hafsatu,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Ya Inna da mutanen Madarunfa? Ina nan lafiya a Tamanrasset, barci ne dai ya ƙi.

Da ƴarmu Bushira ta rasu, na sa hotonta a Facebook don a yi mata addu'a. Sai jiya yayanki Illo ya ce mini ai ƙanwarta Farida ce, sanye da rigarta. Kwana uku ana nema wa mai rai gafara, kina gani.

Na cire shi. Ki yafe mini. Shekara huɗu ba na gida.

Allah ya raya Farida. Ki turo mini hoton Bushira, in san fuskar da nake yi wa kuka.

Mijinki,
Nasiru