Ƙwayar da nake haɗiya a ɓoye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, da yawa a gidan nan sun san ni, wasu ma sahu ɗaya muke sallah. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata hamsin da biyu, a Hayin Banki nake zaune. Shekara uku da suka wuce jiri ya kwashe ni a ofis, aka kai ni asibiti, likita ya ce hawan jini ne. Ya ɗora ni a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum da safe, ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Sai na sayi kambas na fara fita gudu bayan sallar asuba, daga layinmu zuwa gadar Kawo in dawo. Da farko dariya ake mini, mai shayin bakin titi ya ce Alhaji wa ya biyo ka, amma da tumbina ya sauka masu dariyar ne suka dawo suna tambayar sirrin. A hankali muka zama mu bakwai.

A cikinmu akwai aminina, zan kira shi Malam Isa, ba sunansa ke nan ba. Tela ne a Rafin Guza, tun firamare muke tare, shi ya ɗinka mini kayan angonci. Shi ma yana da hawan jini, ga ciwon gwiwa, don haka ba ya iya gudu. Sai ya gyara tsohon kekensa na hawa, yana bin mu a baya da gorar ruwa ɗaure a kariyar keken, yana tsokanata wai dama haka aka saba, gwamnati na gudu talaka na bin ta.

Ni kuma ina da wani mugun hali, ina son a ce ni ne. Wata Asabar muna hutawa a teburin mai shayi, wani ya ce Alhaji ai kai yanzu ka fi ƙarfin magani. Da na yi dariya na yi shiru da shi ke nan. Amma sai na buɗe baki na ce ai rabona da ƙwaya wata shida, gudu ya wanke mini jini tas, asibiti kasuwanci kawai suke yi da mu. Wallahi ƙarya nake yi. A safiyar ma sai da na haɗiyi tawa kafin in ɗaura kambas, ban taɓa tsallake rana ɗaya ba, don ni matsoraci ne a kan lafiyata. Aka yi ta jinjina mini, abin ya yi mini daɗi, na ci gaba da maimaitawa har na koma ɓoye maganin a aljihun wata tsohuwar babbar riga, matata ma ta ɗauka na bari.

Bayan kamar sati biyu muna dawowa, Malam Isa ya matso da keken ya jera da ni, mu biyu kawai, ya ce, "Mutumina, tsakaninka da Allah ka bari?" Na ce, "Kai dai dubi jikina mana." Ya ce, "To ni ma na gaji da haɗiyar abin nan." Ba kowa a wurin, kalma ɗaya ta isa, amma sai na ƙara sauri na bar shi a baya.

Wata huɗu bayan nan, muna daf da gada na ji ƙarar faɗuwar keke a bayana. Ba mota, ba babur, ba abin da ya taɓa shi. Na juyo na ga gorar ruwan tana gangarawa kwata, shi kuma yana kwance bakinsa ya karkace. Muka sa shi a Napep zuwa asibiti. Da likita ya tambaya ko yana shan maganinsa, matarsa Maman Ummi ta ce ya daɗe da bari, sun yi rigima a kai ba sau ɗaya ba, har ƙararsa ta kai wurin yayansa, amma kullum amsarsa ɗaya ce, ga Alhaji nan ya bari kuma lafiyarsa lau. Ina tsaye a wurin na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka fito sai ita ce ma take ba ni haƙuri, wai kada in ɗora wa kaina, ni jikina ya karɓa, shi nasa bai karɓa ba, haka Allah ya tsara.

Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da yake riƙe almakashi da shi. Shago a rufe yake, magana ba ta fita, amma yana jin komai yana gane komai. Kullum bayan la'asar nakan je in murza masa hannun da man zafi, shi kuma ya riƙe ni da na hagu yana murmushi da rabin baki. Keken yana jingine a zaure, tayoyin sun sace. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya sa mini albarka, wai irin amanata ta yi ƙaranci a zamanin nan, ni kuwa na san ni na kwantar da shi.

Na so in haɗiye abin in tafi da shi kabari, sai ga wata sabuwa. Shekaranjiya Malam Garba, tsohon direban ofishinmu da muke gudu tare, ya raɗa mini cewa shi ma sati biyu ke nan da ya ajiye nasa maganin. Hankalina ya tashi, na ce ya koma yau ɗin nan, bai ga abin da ya sami Malam Isa ba? Ya yi dariya ya ce ai Malam Isa keke yake hawa, shi ya sa bai yi masa aiki ba, shi kuwa irin nawa yake yi, ƙafa da ƙafa. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, har muka ɗaga murya a titi, ƙarshe ya ce ranar da ya ga na koma shi ma zai koma.

Kun ga ba abin da zai juyo da shi sai gaskiya. Kuma Malam Garba ba ya riƙe magana, in na faɗa masa da safe, kafin azahar ta isa Rafin Guza. Ina tsoron Malam Isa ya ji jininsa ya sake hawa ya ƙarasa shi. Ina kuma tsoron idon Maman Ummi da na 'ya'yansa. In zan faɗi gaskiya, ban san wanne tsoron ne ya fi riƙe mini baki ba.

'Yan uwa ya zan yi? In fara zuwa in durƙusa gaban Malam Isa in faɗa masa da bakina, ko in fara da Malam Garba? Akwai hanyar da zan ceci wannan ba tare da na ƙarasa wancan ba? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku amsa mini yau. Gobe bayan asuba Malam Garba zai jira ni a ƙofar masallaci da kambas ɗinsa, ni kuma zan fito da ƙwayata a cikina, na riga na haɗiye ta a ɓoye.