Jar Motarka Ta Tashi, Baba, Amma Babu Ƙofa

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba, ba kuwa za ka karanta ta ba. Amma magana ce ta cika mini ciki, kuma duk faɗin Karaye ban ga wanda zan iya amayar wa da ita ba sai kai.

Mutanen gida suna lafiya. Damina ta yi kyau bana, gonarmu ta Tudun Kaya ta ba da dawa, gyaɗa ce dai ba ta yi auki ba. Yaya Habu ya sami ɗa namiji, an mayar masa da sunanka, muna ce masa Abba. Inna tana nan tana fama da gwiwoyinta, yanzu a zaune take sallah. Garejinka na bakin tasha ni nake buɗe shi kullum, har yau kuma direbobin Rogo Garejin Malam suke ce masa.

Babban labarin shi ne, jar motarka ta tashi. Ranar Talata da hantsi na murza makulli, ta amsa tashi ɗaya. Kajin Inna suka watse, ni kuma na kifa goshi a kan sitiyari.

Ina ɗan shekara shida aka jawo ta gidan nan da tarakta. Baturen nan injiniya na aikin dam ne ya bar maka ita da injinta ya buga. Ƙofa biyu, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Abokanka suna yi maka tsiya, wai me za a yi da motar da ko buhun masara ba ta ɗauka? Kai dai sai ka yi murmushi, ka ce a cikinta za ka kai Inna ganin gida Gwangwan, duk ƙasar Rogo a fito kallo. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ka yaye tampol, ka kwance wani abu, ka wanke shi da fetur, ka mayar. Haka na tashi na gan ka, haka kuma ciwo ya zo ya same ka.

Ranar da jikinka ya yi tsanani ka riƙe wuyan hannuna, a gaban Liman da Yaya Habu, ka ce kada in bar ta ta ruɓe. Na ce to. Baba, yau zan gaya maka gaskiya: wannan to ɗin bai fito daga zuciyata ba. A lokacin akwai takardar ɗaukar aiki a aljihuna, daga wani kamfanin manyan injuna a Fatakwal. Sati biyu ina neman bakin da zan gaya maka. Kunya ce ta amsa maka, ba ni ba. Da na faɗa maka, da ka sake ni? Ko da ka tafi da ɓacin raina?

Akwai laifi na biyu. Ka sha cewa mota injinta ne ranta, wanda ya canja shi ya canja mota. Na canja shi. Na zaga kasuwar kayan gyara ta Kano har ƙafata ta gaji, na je Kaduna sau biyu, duk wanda na nuna wa kayan sai ya yi dariya ya ce ko kakansa bai sayar da irinsu ba. Sai na ɗora mata injin zamani marar kafireta, da giya mai canja kanta. Da na fara kuma sai na kasa tsayawa. Na sa mata esi mai sanyaya ciki, na sa sitiyari mai laushin da yatsa ɗaya ke juya shi, na sake birki da wayarin gaba ɗaya. Kujerar mai zaman banza na ɗaga ta na ƙara mata soso saboda gwiwar Inna. Har rediyo na sa mai haɗuwa da waya, don ta riƙa jin karatu a hanya. Fenti kaɗai na bar mata irin naka, ja kamar gauta. Tsohon injin na wanke shi na ajiye a gindin darbejiya, ban yar ba. Amma kukan nan mai kauri da kake kwaikwaya mana da baki muna yara, babu shi. Yanzu numfashi kawai take yi. Motarka ce har yanzu, Baba, ko tawa ce na shafa wa launinka?

To ranar Talatar nan na sa giya, ta gangara taku huɗu, na taka birki. Bango ne a gabana.

Ka tuna shekarar da ruwa ya kayar da ɗakin Inna na ƙasa? Ka gina mata na bulo a daidai babbar ƙofar da aka shigo da motar, ka ce na wucin gadi ne, ranar da mota ta tashi guduma ɗaya ta isa. Ɗakin nan ya fi shekara ashirin yanzu. Abin da ya rage tsakaninsa da katangar maƙwabta lungu ne da babur ma sai an karkata shi. Baya masallaci ne, hagu da dama gidajen mutane. Shekara uku ina kwance a ƙarƙashin motar nan ina ganin bangon ta tsakanin tayoyi, ina kawar da kai. Na nemi mai motar ɗaga kaya daga Kano, ya zo ya dubi layinmu da wayoyin lantarki, ya ce ko kyauta ba zai shigo ba. Yaya Habu ya ce a yanka ta biyu a fitar, a mayar da walda. Na bar masa wajen, don kada in yi wa babba rashin kunya.

Da aka taɓa wa Inna maganar rushe ɗakin, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi a ciki ka cika, a ciki aka yi maka wanka, ita ma daga ciki za a ɗauke ta. Wa zai ƙara magana bayan wannan?

Surukarka, matata Maryam, ta yi haƙuri iyakar haƙuri. Mutanen Fatakwal sun sake kirana, sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Ta ce alkawarin da na ɗauka na kada mota ta ruɓe ne, kuma ba ta ruɓe ba. Liman ma haka ya ce, na sauke nauyi. Amma ni na san damina ɗaya ta ishi ɓeraye su cinye wayoyin nan in babu mai tayar da ita. In na tafi na ci amanarka, in na zauna na danne hakkin matata da 'ya'yana. Ko'ina na juya bango nake gani.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na ɗauko tef na shiga ɗakinta, ina auna ko in an fasa kusurwa ɗaya kawai motar za ta wuce. Ina durƙushe a bayan gadonka, sai wani tunani ya gifta mini: ai ranar da babu Inna ba sai an nemi izinin kowa ba. Wallahi Baba ban kira shi ba, shi ya zo. Ina cikin istigfari na ji ƙarar sandarta. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon tef ɗin a hannuna. Ta tambaye ni nawa ya rage, na ce kamu ɗaya da rabi. Ta gyaɗa kai, ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in ƙara haƙuri kaɗan, ba za ta daɗe tana tare mini hanya ba.

Uwata ce ta ba ni haƙuri saboda tana raye, Baba. Na durƙusa na kama ƙafarta ina kuka kamar yaron goye, ita kuma tana shafa kaina tana cewa ba komai. Tun ranar ban iya haɗa ido da ita ba. In ta miƙo mini tuwo sai in ga kamar ta karanta abin da ya gifta mini.

Ban san abin da zan ce wa Maryam ba, ban san abin da zan ce wa mutanen Fatakwal ba. Abu ɗaya na sani: ko tsinke ba zan sake aunawa a ɗakin nan ba. Ka yafe mini in alkawarinka ya tsaya a nan. Ina roƙon Allah Ya ja kwanan Inna, Ya bar bangon nan a tsaye shekaru masu yawa, ko da ni ne zan tsufa a bayansa.

Allah Ya jiƙanka, Ya kai haske kabarinka, Ya sada mu da alheri.

Ɗanka mai neman gafararka,
Nasiru