Sun Farka Min Buhun Masara a Bakin Kasuwa

Zuwa ga Shugaban Masu Karɓar Haraji na Kasuwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Burumburum, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Na farko. Ranar kasuwar da ta wuce na ɗauko masara buhu biyu a babur, zan sayar in kai matata asibiti. Yaranka suka ja igiya a hanya, na biya kuɗin shiga. Na sauke kaya, na biya kuɗin sauke. Wani yaron naka kuma ya zo da kuɗin tsayawa, na ce ya ba ni rasit. Sai ya zaro wuƙa ya farka buhun, ya ce ga rasit nan. Da furfurata na durƙusa ina tsince masara cikin kashin awaki, su kuwa suna dariya.

Na biyu. Ba yau aka fara yi mana haka ba. Kakata ta ba ni labarin da ta ji daga tsofaffinta, tun zamanin da ba a san Bature ba. Shekarar da fara ta cinye gonaki, jakadan sarki ya zo garinmu karɓar kuɗin ƙasa. Da bai samu ba, ya sa aka fasa rumbuna, aka kwashe har irin shuka. Wata tsohuwa ta riƙe ƙwaryarta, aka yi mata bulala a gaban 'ya'yanta. Ranar nan talakawa suka fito da fartanya da lauje, suka kori jakada ba takalmi, suka ƙwato hatsinsu. Mahayan sarki sun zo sun ƙone garin, mutane da yawa sun mutu, sauran suka hau duwatsu. Amma gonakin nan sun yi shekaru ba wanda ya noma wa sarki ko zangarniya ɗaya.

Mu ba za mu ɗauki lauje ba. Mun dai zauna, manoma da makiyaya, mun yanke cewa kasuwa mai zuwa ba hatsi, ba nono, ba akuya. Yaranka su tsare igiyarsu.

Buƙatunmu: haraji ɗaya mai rasit, a cire igiyoyin, a biya ni masarata, mai wuƙar kuma ya ba ni haƙuri a inda ya tozarta ni.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sauƙaƙa maka hisabi ranar da za a tambaye ka game da mu.

Wassalam.
Naka, manomi daga yankin Burumburum.