Zanen Maghi da Aka Aiko wa Lahani

Ghorahi, ana saura mako guda bikin sabuwar shekara na Maghi

Zuwa ga Yayana Jhaggu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Phulwa da yara. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya ta ƙalau, zuciyata ce kawai ke tafasa.

Phulwa ta gaya mini ɗan tsohon ubangidan Baba ya zo gida da alewa, wai a ba shi 'yarka Lahani ta je Kathmandu ta riƙa taya matarsa 'yan aikace-aikace, shi kuma ya sa ta makaranta. Wai har ka ce za ka yi shawara. Haba Yaya! Shawarar me? Yarinyar da ba ta gama famfara ba?

Shekaranjiya a aji na koya wa ɗalibaina wata kalmar Turanci, servitude. Ma'anarta zaman mutum a ƙarƙashin wani, yana aiki ba shi da ikon cewa ya gaji zai tafi. Na ce musu ba sai da sarƙa ba, ba sai da bulala ba. Wata mai bakin tsiya ta ce, "Malama, ai wannan sai a littafi, gwamnati ta hana tuntuni." Na juya ina goge allo don kada su ga idona.

Ni ma da alewa aka zo. Ka manta? Ranar Maghi aka miƙo sabon zane, Baba ya karɓa da hannu biyu, ka kuwa san wanda ya karɓi zanen Maghi ya ba da 'yarsa shekara guda, magana ta ƙare. Shekara ta koma shekaru. Makarantar da na gani ita ce jakar 'ya'yansu da nake ɗaukar musu har bakin ƙofa. Sai da na zama budurwa na fara koyon baƙi, cikin ƙananan yara suna yi mini dariya.

Kada ka karɓi zanen nan. In abinci ne ya yi wuya, turo mini ita.

Ka gaishe da Baba.

Ƙanwarka,
Sukhni

Ghorahi, bayan Maghi

Yaya,

Ina gaisuwa, don dai haka aka koya mini. Ina fata kowa lafiya.

Ashe ka karɓa. Tir!

Na san gari ya ɗauka cewa na kunyata ku. Eh, ni na ɗauko zanen daga cikin rumbu, ni na dire shi a gaban mai gari jama'a na kallo, na ce a mayar wa mai shi. Mai gari ya ce tun da aka haife shi bai ga an mayar da zanen Maghi ba, na ce to yau ya gani. Baba ya ce na zubar da mutuncin gidan da ya ci gishirinsu. Gishirin da ya biya da bayansa har ya ranƙwafe! Kai kuma kana tsaye kana kallon yatsun ƙafarka kamar an aiko ka.

Lahani tana wurina, na sa ta aji uku. Kada ka turo kowa, ba zan buɗe ƙofa ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kwananta na farko na tashi na tarar ta wanke tukwane duka, ta share tsakar gida. Na zuba mana shinkafa da miyar wake, na ce zo mu ci. Ta ƙi zama. Ta tsaya a jikin bango, hannu a baya, ta ce sai na ƙoshi tukuna, abin da ya rage shi ne nata, haka aka ce mata ana yi a gidan manya. Na ce wa ya gaya miki? Ta ce kai ne. Tun kaka kake koya mata kullum da yamma, don kada a doke ta a can.

Ashe ka san ana duka, Yaya.

Ka gaishe da Phulwa.

Sukhni