Akuyar Iya a cikin addu'a

Talata da dare, bayan girbi.

Baba ya tafi Roni, sai Inna ta ce ni zan yi addu'ar abinci, tunda ni ce na yi makaranta. Ni da ko a coci ba a jin muryata!

Tun da Baba ya ƙi yanka wa iskoki zakara kafin a buɗe rumbu, kakata Iya ta daina cin tuwon gidan nan. Ganye kawai take dafawa, har wuyanta ya zurma.

Na rufe ido, na gode wa Ubangiji saboda dawa, na roƙa wa Baba dawowa lafiya. Ina shirin rufewa sai na ji Iya daga bakin ɗakinta:

"Ke ja'ira, akuyata mai ciki fa? Ko Yesun naku bai san awaki ba?"

Na ce, "Ya sani, Iya." Sai na roƙa wa akuyar.

Ba ta ce amin ba. Amma ta turo akushinta, aka zuba mata tuwo, ta ci tana mitar gishiri ya yi yawa.

Ya Ubangiji, ka sa akuyar nan ta haihu lafiya.