Haƙƙin Jaji a Wuyan Baba

Kura, 21 ga Maris, 2006

Zuwa ga Yaya Ummukulsum, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji Uba da yara. Allah ya sa ciwon ƙafar da ke damunki ya zama kaffara, ya kawo sauƙi. Mu nan kowa ƙalau. Inna ta warware daga zazzaɓi, har ta koma faɗa da kaji. An fara yankan alkama, tumatir kuwa ya yi yawa bana har shanya shi ake yi a bakin titi.

Saƙonki ya iso ta bakin Ibrahimu direba, wai kin ji na kai Baba talabijin na tona masa asiri bayan ya kwanta dama, kuma kada in ƙara rubuto miki. Ga shi na saɓa. Ki daure ki karanta har ƙarshe, in ya so ki yi hukunci.

Ban musa ba. Ni na ba Taufiq, abokina na sakandare da yake rubuta wasan kwaikwayo a gidan talabijin, dayarina, littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum, na shekarun da Baba ya yi kansila. Ya canza sunaye, ya kira wasan Makullin Ruwa, ya kira Baba Kansila Tambaya. Amma ya bar masa hular nan da yake turowa goshi, da “to, madalla” da yake faɗa in ransa ya ɓaci. Tun Lahadin farko, a injin casar Alhaji Sada inda ake ta da janareta bayan la'asar a kalla, kowa ya waiwayo yana kallona.

Kin san abin da ke cin ran Inna tun rasuwar Baba. Jaji na rugar gabas da mutanensa sun ƙi zaɓen Baba, shi kuwa da ya ci sai ya sa aka rufe ƙofar ruwan kanal ɗinsu a tsakiyar rani, alkamar Jaji ta bushe tana fitar da kai. Sau uku Inna tana aika dattawa a roƙa wa Baba gafara, sau uku Jaji yana cewa sai sun tsaya gaban Allah. To, a mako na huɗu aka nuna wannan, ba a rage komai ba. Na kasa ɗaga kai. Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata, ni ma na rubuta a dayarina cewa Hashimu ka yi wauta, ka kwance wa ubanka zani a kasuwa. Har na shirya zuwa Kano in roƙi Taufiq ya tsayar da wasan, na kai tasha na dawo, don ban tabbata wanne ne kuskuren ba, farawar ko tsayarwar.

Abin da ya ba ni mamaki, mutane ba su gudu ba, ƙaruwa suka yi. Akwai wani malamin makaranta a wasan, mai gaskiya ƙwarai, bai taɓa kuskure ba, amma da ya fito sai a tashi shan ruwa. Dattijo mai gyaran injin ban-ruwa ya ce wannan miya ce ba gishiri. Kansila kuwa, wannan mako a tsine masa, mako mai zuwa ya ɗauki matar abokin hamayyarsa tana naƙuda ya kai ta asibiti a motarsa, ya zauna har ta sauka, washegari ya hana mijin takin gwamnati. Sai wuri ya kaure, wasu na cewa mutumin kirki ne siyasa ta ɓata, wasu na cewa mugu ne mai kunya. Zuliha matata ta rantse ta tsane shi, amma ranar Lahadi tun azahar take sauke tuwo. Na tambayi Dattijo me ya sa suke son mutumin da suke zagi, sai ya ce in nuna masa wanda bai taɓa toshe ruwan maƙwabci da buhu ba a cikinmu, kuma ya je sallar asuba a sahun gaba.

A mako na tara aka nuna abin da ko ke ba ki sani ba. Ciyaman ya kira Baba sakatariya, ya ajiye masa takarda ya sa hannu a yanka burtalin shanu a raba wa 'yan jam'iyya gonaki, da nasa kason a ciki. Baba ya ture takardar, ya ce shanu ba su da fiffike. Dalilin da ya sa aka hana shi takara karo na biyu ke nan, ba rashin lafiyar da ya gaya mana ba. Ina bakin ƙofa riƙe da jakarsa a ranar. A hanya ya ce kada in faɗa, kada a ce fadanci yake wa Fulani. Na riƙe shekara goma sha huɗu. Ko na yi daidai da na saki, Allah ne masani, har yanzu ina juya abin a raina.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, aka ce ana sallama da ni. Na fita na ga Jaji a zaurenmu, da sandarsa. Ashe a Bunkure yake kallo, bai taɓa fashi ba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce in gaya masa tsakani da Allah, zancen burtali gaskiya ne ko ƙarin gishirin 'yan wasa. Na ɗauko dayarin na karanta masa, da rana da wata. Ya ce in karanta na ruwan ma. Na karanta. Sai ya buga sanda ya ce na yi kuskure, ba kwana tara ruwan ya yi a rufe ba, sha ɗaya ne, shi da ya ƙirga su a kan alkamarsa. Na duba, ashe kwana biyun ina Zariya, ban rubuta ba. A gabansa na gyara.

Sannan ya ce da an nuna Baba waliyyi, da ya tofar da yawu ya tashi, ya ce 'ya'ya sun wanke ubansu. Amma wanda bai ɓoye rufe ruwa ba, ba zai ƙaga burtali ba. Ya ce Ɗanbaba, don da sunansa yake kiran Baba, mugu ne in ya so, namiji ne in ya so, kuma shanunsa sun shekara goma sha huɗu suna bin hanyar da mutumin ya tsare musu, shi yana tsine masa a kanta. Ya ce a kira masa Inna. Ta tsaya bayan ƙofa, ya ɗaga murya don ta ji, ya ce ya yafe wa Ɗanbaba duniya da lahira, Allah ya yafe mu baki ɗaya.

Yaya, ban taɓa jin Inna ta yi kuka irin wannan ba, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Abin da dattawa suka kasa har sau uku, ga shi Allah ya kawo ta akwatin talabijin. Ta ce in gaya miki, ranar ce ta fara yi wa Baba addu'a ba tare da wani abu ya tokare mata ƙirji ba, kuma ke ma ki yi masa da sakakkiyar zuciya, an sauke masa kayan.

Ki gaishe mini da Alhaji Uba da kyau, da Sumayya da Raliya, da Saliha mai sunan Inna. Zuliha da yara suna gaishe ki. Allah ya jiƙan Baba, ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Hashimu