Rasuwar Ammu Rafi'u, Mutum Ɗaya Tilo a Lissafin Garin Lipovik

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye da Malaman Makarantar Asabar ta Hausawan Jidda, da ke unguwar Waziriyya, ta samu labarin rasuwar direbanta kuma dattijonta, Alhaji Rafi'u Mailafiya, wanda ɗalibai suka fi sani da Ammu Rafi'u, wato Baffa Rafi'u da Larabci. Allah Ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi yana da shekara sittin da tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin, haifaffen Jidda, ya yi shekara goma sha tara yana kwaso 'ya'yanmu daga unguwannin Sharafiyya da Bani Malik, kuma a tsawon wannan hidima bai taɓa ƙwarzanar mota ba, bai taɓa mance yaro a bakin titi ba, haka kuma bai taɓa isowa a kan lokaci ba.

Duk ɗalibin da ya hau motarsa ya san dalilin makarar. A shekarar 1981 marigayin ya raka maigidansa na wancan lokaci, Injiniya Ante, zuwa garinsu Lipovik, wani ɗan ƙaramin gari na Kuroshiyawa da ke kan duwatsu, ya yi wata biyu a can, kuma bai daina ba da labarin ba har ƙarshen rayuwarsa. 'Ya'yanmu, waɗanda wasunsu ba su san sunan garin kakanninsu ba, sun haddace cewa mutanen Lipovik dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu ne, kusan dukkansu Kuroshiyawa, kuma a layin ƙarshe na takardar ƙidayar da aka yi lokacin da yake can, inda aka rubuta "wasu", mutum ɗaya ne rak. Yakan tsaya a danja ya juyo ya ce, "Yalla, maza, wane ne ɗayan nan?" Motar ta amsa baki ɗaya, "Kai ne, ya Ammu!" Motocin baya kuwa sai oda suke yi. Daga nan ya shiga labarin katafaren agogon garin, wanda ya ce shi ya hau da shi kan dutse a mota a cikin ƙanƙara bayan direbobin garin duka sun ƙi.

Wajibi ne ƙungiya ta faɗi gaskiya: manya ba su yarda ba. Wasu iyaye sun laƙaba masa Sarkin Kuroshiya, kuma mai sa hannu a wannan takarda, malamin labarin ƙasa, ya taɓa gaya wa aji cewa bai ga garin a taswirar makaranta ba. Maganar ta koma kunnen marigayin. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Halas, shi ke nan, ya Ustaz, taswirarka ce ƙarama." Amma daga ranar ya daina ba da labarin idan akwai malami a motar. Da jikinsa ya fara rauni, maiɗakinsa Hajiya A'i ta zo ofis ta ce a rubuta wa mutanen Lipovik, domin ba za ta yarda a binne mijinta da sunan maƙaryaci ba. Ɗalibai suka nemo adireshin, muka rubuta.

Amsa ta iso ranar Juma'a, kwana uku bayan jana'iza, daga Marija, 'yar Injiniya Ante. Ta aiko da hoton takardar ƙidayar, ga mutum ɗayan nan a layinsa, da hoton marigayin cikin wata rigar sanyi da za ta ɗauki mutum biyu. Ta ce a ɗan littafin tarihin garin fitattun mutane huɗu ne: limamin coci, wani ɗan kokawa, wata mai kiwon zuma, da "direban Jidda wanda ya hau da agogo". Tsofaffin garin sun ce ya iya hawan ne domin bai taɓa ganin ƙanƙara ba, don haka bai san ana tsoronta ba. Agogon yana aiki har yau, sai dai kullum yana makara da minti goma.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga Hajiya A'i, da 'ya'yansa Hafsa da Mashael, da ɗaukacin dangi, tare da roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya. Muna kuma shaida a bainar jama'a cewa Ammu Rafi'u gaskiya ya faɗa, mu ne muka yi kuskure, kuma muna neman yafiyar iyalinsa. Ranar Asabar mai zuwa ɗalibai za su ɗiga Lipovik a taswirar ajinmu da hannunsu. An shirya farawa ƙarfe huɗu, amma za mu jira minti goma.

Malam Saifuddeen Idris
Kakakin Ƙungiya kuma Malamin Labarin Ƙasa